Mutumin Ranar Talata

Muryarsa na fara ji kafin in ga fuskarsa.

"Lafiya lau, yarinya. Tashi ki zauna."

Ina durƙushe a bakin kafet, kaina a sunkuye, mayafi ya rufe min rabin fuska kamar yadda Mma ta yi ta jaddada min tun daga gida. Amma wannan muryar... ko a tsakiyar kasuwa na ji ta sai na waiga.

Na ɗago ido.

Innalillahi!

Shi ne. Farfesa Abdul-Mutalib, mutumin da yake shigowa ofishina duk ranar Talata ta ƙofar baya, ya zauna a kujera mai ruwan toka, ya cire tabarau, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe.

Kofin da ke hannunsa ya karkace, shayi ya zubo masa a farar jallabiya. Ko kallon wurin bai yi ba.

"Malam, ita ce Zuweira," in ji Zakir, bakinsa har kunne, bawan Allah bai san me ke faruwa ba. "A jami'arku take aiki. Na ɓoye muku ne ku duka biyun don in ga yadda za ku yi."

To, ai ya gani.

Mahaifin nasa ya miƙe tsaye.

"Ana jirana a masallaci."

La'asar ta wuce, magariba da saura. Ya zura takalmi ya fice daga falon, muna ji ya ja ƙofar gida.

Gwaggo Azeta, ƙanwar Farfesa, wadda ta riƙe Zakir tun yaye, ta tafa hannu.

"Ei, Zakir! Duk 'yan matan Tamale ka rasa wanda za ka kawo sai likitan mahaukata? Ka ga ubanka ma bai iya zama ba koraa!"

Daga bayan labule na ji dariyar 'yarta Abida, wadda tun suna yara ake mata kirarin matar Zakir.

Ban san yadda ƙafafuna suka kai ni wurin babur ɗina ba.

*

Bari in gaya muku yadda na faɗa wannan rami da idona biyu.

Ni ce shugabar ofishin kula da lafiyar zuciya da ƙwaƙwalwar malamai a jami'armu. Sunan ya fi ofishin girma, don ɗaki biyu ne kawai a bayan laburare, da fanka mai kukan tsufa. Ni ake kira idan malami ya tsaya a gaban ɗalibai ya kasa furta kalma, ko ya kulle kansa a ofis, ko ya fara rabar da littattafansa yana neman gafarar mutane alhali ba tafiya zai yi ba.

Aikin yana da lada, amma ba ya da abokai. Ba wanda yake gaishe ni a fili, don duk wanda aka gani yana dariya da ni, gobe za a ce kansa ya taɓu. Mutumin da ya jiƙa min hankici da safe, da rana zai wuce ni a baranda yana duban waya. Ban taɓa jin haushinsu ba. Amma ni kaɗai nake cin shinkafa da wakena a kantin, kuma wani lokaci abincin ba ya wucewa.

A Moshi Zongo kuwa, unguwarmu, an gama yanke hukunci tuntuni. Wai mai zama da mahaukata wata rana sai ta kwaso. Samari biyu suka zo, suka ji labari, suka sulale.

Sai Zakir.

Ya zo haɗa sola a kemis ɗin da ke jikin gidanmu, ya ga ina fama da babur ya ƙi tashi, ya sauko daga kan rufi ya tayar min. Ya ji aikina, bai ja da baya ba, cewa ma ya yi:

"Ke kina sauraron kowa. Ke kuma wa yake sauraronki?"

Na yi dariya na ce wanzami ba ya son jarfa. Amma ranar na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na daɗe ban cire takalmi ba.

Ɗan fari ne, a Sakasaka ya tashi wurin Gwaggo, bai cika zancen uba ba. In ya yi, sai ya ce, "Malam yana can Kalpohin, yana fama da koyarwa." Ni kuwa 'yar zango, in ka ce min malam, buzu nake gani da tawada da zaure. Shi kuma Farfesa, mutumin zamanin da, mai kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu, duk zaman da muka yi bai taɓa kama sunan babban ɗansa ba. "Yaron nan," haka yake cewa, ya wuce. Ta ina zan haɗa yaron nan da Zakir ɗina?

*

Washegari da yamma Zakir ya same ni a ƙofar gida, ya ƙi zama a benci.

"Zuzu, Malam ya ce a'a."

"Ya faɗi dalili?"

"Ya aiko Gwaggo ta gaya min. A'a kawai. Ni da shi ai kin san ba ma doguwar magana." Ya matso. "Masoyiyata, dube ni. Kin san shi ne?"

Na kau da kai.

"Zakir, kowa a jami'a ya san Farfesa."

"Ba wannan nake tambaya ba! Na ga fuskarki, na ga tasa. Me ke tsakaninku?"

"Ba na magana a kan wanda na sani ko wanda ban sani ba a wurin aiki. Tun farko na gaya maka."

"Ni ne fa, Zuzu... Ni ne!"

Na sani. Wallahi na sani. Kalma ɗaya zan faɗa komai ya warware. Amma in na faɗa masa yau don ina sonsa, gobe wa zai ƙara shigo min ta ƙofar baya? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya gaji da tsayuwa ya hau babur ɗinsa.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi.

Abida sakatariya ce a ofishin rajistara, idonta ya fi na shaho. Ashe tun damina take ajiye da wani hoto a wayarta, tana jiran ranar amfaninsa.

Na tuna ranar. Farfesa ya kira ni da hantsi, murya a shaƙe, ya ce, "Zuweira, ga ni a bakin dam, ban san me ya kawo ni ba." Na bar komai na tafi cikin yayyafi. Na zauna kusa da shi a kan dutse, ban ja shi ba, ban yi masa wa'azi ba, har ya gaji ya miƙo min makullin motarsa da kansa. Ni na tuƙa shi zuwa wurin likita. A hanya ya kifa kai a kafaɗar kujerata yana rawar jiki.

Nan Abida ta gan mu daga cikin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, ta ɗauki hoton.

Yanzu ta tura wa Zakir, ya zo da wayarsa a hannu, idanunsa jajir.

"Mene ne wannan?"

Na kalli hoton. Ko ni aka nuna wa, abin da zan zata ke nan.

"Ba abin da kake tsammani ba ne."

"To mene ne? Ubana, Zuweira! Ubana! Tun rasuwar mahaifiyata bai kalli mace ba, ashe..."

"Kul! Kada ka ƙarasa!" Muryata ta tashi har Mma ta leƙo. "Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, babu haram tsakanina da mahaifinka."

"To gaya min halal ɗin."

Hawaye suka zubo min.

"Ba nawa ba ne, Zakir. Ba zan iya ba ka abin da ba nawa ba."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa gidan da za a tashi daga cikinsa.

"Na so ki paa, Zuzu," ya faɗa a hankali. "Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

*

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su.

Zafin bazara ya sauko, mangwaro ya cika gari, wayata ta yi tsit. Nakan ɗauke ta in duba ko ta lalace ne. Labari kuwa ya zaga Sakasaka ya ƙetaro Moshi Zongo da ƙari, har an ce an ga Gwaggo Azeta tana taya atamfar bikin Abida da Zakir a kasuwa.

Mma ta zauna kusa da ni wata rana ina tsinke zogale.

"Zuweira, ni na haife ki, na san ba ki yi ba. Amma ki buɗe baki mana! Sirrin wani ya fi aurenki?"

"Mma, da ke ce kika ba ni ajiya fa?"

Ta yi tsaki, ta ja kwanon gabanta ta ci gaba da tsinka min.

Kullum ina zuwa ofis. In zauna, in saurari mai rigima da shugaban sashe, da mai tsoron ba za a ƙara masa girma ba, da wadda barci ya ƙaurace wa tun haihuwa. In ce musu, "Faɗi, ina jin ki." In sun fita in kifa kai a tebur. Ban taɓa sanin kaɗaici yana da nauyi a ƙirji ba sai lokacin.

Ga kuma tsoro. Talata ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, Farfesa bai zo ba. Mutumin da na taɓa ɗaukowa daga bakin ruwa, shirunsa ba abin wasa ba ne. Na kira bai ɗauka ba. Na tura masa saƙo cewa ko bai zo wurina ba, ya je wurin Dakta Shamsudeen, likitan ƙwaƙwalwa a cikin gari, na riga na nema masa wuri. Shiru.

Sai wata Talata, bayan azahar, aka ƙwanƙwasa ƙofar baya.

Ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu, shi da ɗalibai suke ɓuya in sun hango shi.

"In shigo?"

"Shigo, Farfesa."

Ya ɗan runtse ido. Tun zamanmu na farko shi ya ce min, a ɗakin nan shi ba farfesa ba ne, in kira shi Mutalib kawai. Yau na kasa.

Ya zauna. Fanka na ta kukanta.

"Kin ji haushina," ya ce.

"Na ji."

"Ba don aikinki na ƙi ba. Azeta ce take zaton haka, na bar ta."

"To don me?"

Ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa.

"Zuweira, kin san surukuta a wurinmu. In kika shigo gidana, ba za ki ƙara kallon idona ba. Ba za ki kama sunana ba. In na shigo ta nan ki fita ta can. Ni ma haka." Ya juya tabarau a gwiwa. "Da uwar yaran nan ta rasu, kowa ya zo ya ce Malam ai kai ne mai ba mu haƙuri. Na ba su. Na yi ta ba su har na ƙare. Ke kaɗai kika ce min in faɗi. An kai ni wurin wani a Akara, Turanci yake yi, ni kuwa ba na iya kuka da Turanci. In kin zama surukata... wa zan gaya wa?"

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin tausayin akwai wata wuta da ta daɗe tana ci, ranar ta sami hanya.

"Ashe don ka riƙe kujerar nan ka ƙwace min miji?"

Ya ɗago a firgice.

"Ni fa? Ni wa nake gaya wa? Ka taɓa tunanin in na kulle ofishin nan ina nake zuwa? Mutum ɗaya ne tak ya taɓa tambayata wa ke saurarona, shi ne ka raba ni da shi!"

"Zuweira..."

"Bari in gama, don Allah. Ko an yi auren nan ko ba a yi ba, ba zan ƙara iya zama mai sauraronka ba. Aikina bai yarda ba, zuciyata ma ba ta yarda ba. Tun ranar da na durƙusa a falonka zamanmu ya ƙare. Dakta Shamsudeen ɗan zangon Kumasi ne, Hausarsa ta fi tawa, yana jiranka."

Ya sunkuyar da kai.

"Sannan akwai abin da ba ka sani ba." Na dube shi. "An ɗauki hotonmu ranar dam. Ɗanka yana zaton ni... yana zaton nemana kake yi."

Tabarau ya faɗi ƙasa.

"Subhanallah! Wa ya... Shi ya gaya miki haka?"

"Da bakinsa."

"Ba ki faɗa masa gaskiya ba?"

"Ajiyarka ce."

Ya zuba min ido. Na sha ganin hawayensa, amma ban taɓa ganin irin wannan kallon ba. Ya duƙa ya ɗauki tabarau, ya sa hula, ya miƙe. Ya fita ta ƙofar baya.

Na kifa kai a tebur. Na yi wa mara lafiya tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na kira Dakta Shamsudeen na roƙe shi ya neme shi kafin yamma.

*

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina wanki a tsakar gida, Mma ta ce ana sallama da ni.

Zakir ne, zaune a benci, hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Da ya ɗago na ga ya sha kuka.

"Ya kira sunana, Zuzu."

Na tsaya da kumfa a hannu.

"Malam. Ya zo har shagona, a gaban yarana, ya tsaya ya ce, 'Zakir.' Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na zaci wani ne ya mutu." Ya share fuska da hannun riga. "Ya ce in shiga mota. Ya kai ni bakin dam, ya nuna min wani dutse. Ya ce, nan na zauna, nan ta zauna. Ya gaya min komai... komai!"

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin.

"Ubana yana nutsewa shekara biyu, ina Sakasaka ina cewa ai Malam dutse ne. Ke kika tsamo shi. Ni kuma na zo ƙofar gidanku na..." Ya kasa ƙarasawa. "Ki yafe min, hasken idona. Don girman Allah."

Kuna tsammani na faɗa jikinsa ina kuka? Ina! Ni ma 'yar zango ce.

"Ka yarda da hoto ka ƙi yarda da rantsuwata, Zakir."

"Na yi kuskure."

"Kuma za a sake. Gobe za a gan ni da wani a mota, jibi a asibiti, kuma ba zan gaya maka ko waye ba. Har mu tsufa akwai ɗakin da ba za ka taɓa shiga ba. In ba za ka iya ba, tashi tun yanzu, na riga na saba da zama ni kaɗai."

Na ji daɗin da bai yi saurin amsawa ba.

"Zai yi min zafi," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in ya yi zafi zan tuna dutsen nan."

Sai lokacin na bar hawayen suka sauko.

"Ka rame, chale," na ce masa ina jan hanci. "Gwaggo ba ta ba ka abinci ne?"

Ya yi dariya da kuka a haɗe.

Gwaggo Azeta ba ta sauko da sauƙi ba. Ta yi rantsuwa ba za ta taka gidan biki ba, sai ga ta ranar ɗaurin aure ta fi kowa ɗaurin kallabi, tana ba masu dafa shinkafa umarni. Ba a gaya mata dalili ba, Farfesa cewa ya yi kawai shi ya ga dama. Abida kuwa ta goge hoton a gaban kawunta, ta nemi hutu ta tafi Yendi wurin 'yar uwarta.

*

A Kalpohin aka kai ni, ɓangaren da aka gyara mana a gidan Farfesa.

Da safe Gwaggo ta raka ni gaida suruki. Na durƙusa a bakin ƙofar falo, nesa da kafet, mayafi har goshi.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Allah ya yi albarka. Allah ya ba da zaman lafiya."

Fuskarsa na kallon bango, yadda ya kamata. Amma ni na san muryar nan ciki da waje. Na ji kaushin da take yi in bai runtsa ba. Biki ne aka yi na ɗansa na fari, uwar yaron ba ta nan, kowa ya ci ya sha ya watse, an bar shi da hotonta a bango.

Tambayar da na saba yi masa ranar Talata ta taso min har bakin leɓe.

Na haɗiye ta. Na ce amin, na tashi da baya da baya na fita.

A ɗaki na tarar da Zakir ya zuba mana koko a kofi biyu, ga ƙosai da zafinsa, yana min murmushin ango.

"Amarya, zo ki zauna. Yau ba inda za ni."

"Za ka," na ce. "Ɗauki kofinka ka tafi wurin Baba."

"Yanzu? Zuzu, safiyarmu ta farko fa!"

"Yanzu. Kada ka tambaye shi komai, kada ka ba shi haƙuri. Zauna kawai kusa da shi. In ya yi shiru ka yi shiru."

Ya dube ni, ya dubi ƙofa. Sannan ya sumbaci lallen hannuna, ya ɗauki kofin ya fita.

Na zauna a bakin sabon gado ni kaɗai, kokona yana hucewa. Da farko ba na jin komai sai kukan zabi a bayan katanga. Can sai na fara jin murya ƙasa-ƙasa ta cikin bango, ta tsoho tana tsayawa tana ci gaba, ta saurayi tana amsawa jefi-jefi.

Ban ji abin da suke cewa ba. Na tashi na rufe taga, na dawo na sha kokona da sanyinsa.